YABON GWANI DA FILIN MAKARANTA

Hausawa sun ce yabon gwani ya zama dole. A shekarar 1996 samarin Nijeriya suka ka da Barazil da Ajantina a ƙasar Amurka, suka ɗauko lambar zinariya ta wasan ƙwallon ƙafa a gasar Olamfik. Cikinsu har da 'ya'yan Kaduna: Garba Lawal, da Tijjani Babangida, da Daniel Amokachi, da Celestine Babayaro. Aka yi musu tarba ta girma, mu kuwa ba mu ga laifin wannan ba. Garba Lawal ya yi shekaru yana wasa a kulob ɗin Roda ta ƙasar Holan, ya kuma buga wa ƙasarsa gasar kofin duniya a 1998 da 2002.

To, amma akwai abin dubawa. Mu mun saba sai gwani ya yi suna a ƙetare sa'an nan mu tuna namu ne. A Turai akwai wata 'yar ƙasa, Istoniya, wadda mutanenta ba su kai miliyan ɗaya da rabi ba. Kowace shekara sukan zaɓi gwaninsu na ƙwallo su girmama shi. Ragnar Klavan ya sami wannan daraja har sau bakwai, ya fara samunta tun yana wasa a Jamus, kafin Liverpool ta ɗauke shi a 2016. Ashe yawan jama'a ba shi ke fid da gwani ba, kula ce.

Mu da aikinmu ya shafi horon malamai mun san inda gwaninta ke tsirowa, watau filin makaranta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ku dubi ƙasar Birnin Gwari. Shekara da shekaru 'yan bindiga suka mai da dajin Kamuku mafakarsu, makarantu da yawa na ƙauyuka suka rufe, ciyawa ta cinye filayen wasa. Yaron da bai sami ƙwallo da alli ba, wani ya miƙa masa bindiga. Wa ya san Garba Lawal nawa suka salwanta a wannan daji?

A ƙarshen 2024 aka yi sulhu, har aka sake buɗe kasuwar shanu ta garin. Madalla. Sai dai kasuwa ba ta renon yaro. Shawararmu ita ce, duk makarantar da aka buɗe a share filinta ran da aka share azuzuwanta. Kwalejojin horon malamai su riƙa ba ɗalibansu horon koyar da wasanni sosai. Masarauta ta sa kofi tsakanin gundumominta, a riƙa kiran sunan yaron da ya yi fice a bainar jama'a, tare da sunan malaminsa.

In mun yi haka, ran da ɗan Birnin Gwari ya ɗauko lamba, ba za mu yi tafi muna jin kunya ba. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.