Filin Mata: Labarin Rahila, Masaniyar Halittun Teku

 A wannan mako za mu ajiye allura da tukunya tukuna, in ba ku labarin wata mace da ta yi sana'ar da yawancinmu ba mu taɓa jin ana yi ba, watau binciken halittun da ke cikin teku. Ku 'yan makaranta ku matso kusa, ku ma iyayenmu ku kasa kunne, gama akwai rabon kowa a ciki.

Sunanta da Turanci Rachel Carson, da Hausa Rahila ke nan, haka kuwa za mu riƙa kiranta. An haife ta ran 27 ga Mayu 1907 a wani ƙaramin gari cikin jihar Fensilbeniya ta ƙasar Amurka. Garin yana bakin kogi, amma nesa yake da teku ƙwarai. Yadda mu nan Arewa sai wadda ta je Ikko ke ganin teku, haka Rahila ta girma tana jin labarinsa a littafi kurum.

Uwarta Mariya dā malamar makaranta ce, da ta yi aure sai ta bar aiki, don a lokacin can ba a barin matar aure ta koyar. Amma ilminta bai tafi banza ba. Takan kama hannun 'yarta su zaga gona, tana nuna mata tsuntsaye da ƙwari da tsire-tsire, tana gaya mata sunayensu. Yarinya ta tashi da son karatu da rubutu, har a 1918, tana da shekara 11, wata mujallar yara ta buga ɗan labarin da ta rubuta.

Gidan ba wadata. Da lokacin shiga kwalejin mata ya yi a 1925, taimakon da kwaleji ta bayar bai isa ba, sai da uwar ta sayar da tangaran ɗinta aka cika kuɗi. Ku matan aure kun san abin da ake nufi in an ce mace ta sayar da kayan ɗakinta. Rahila ta shiga da niyyar zama marubuciya, amma da ta zauna ajin wata malamar ilmin halittu, Malama Meri Sikinka, sai abin ya shiga ranta, ta koma wannan fanni. A zamanin nan kuwa mace mai ilmin kimiyya da ƙyar take samun aiki, duk da haka ba ta fasa ba. Ta gama a 1929, a shekarar kuma ta tafi tashar bincike ta Wuds Hol a bakin tekun Atlantika. Nan ne ta fara zama a bakin teku, tana da shekara 22.

Daga nan ta wuce Jami'ar Jon Hofkins, ta sami digiri na biyu a 1932. Kun san abin da ta bincika? Yadda ƙodar wani kifi dangin tarwaɗa ke fara fitowa tun yana ɗan tsako. Aiki ne na yanka abu siriri ainun, a sa a madubin likita, a duba, a zana, yau da gobe har watanni. Wannan sana'a ba ta mai gaggawa ba ce.

Ta so ta ci gaba, amma ƙasar Amurka tana cikin karayar arziki, tilas ta bar karatu a 1934 ta nemi abin ciyad da gida. Ubanta ya rasu a 1935. A 1937 yayarta ta rasu ta bar 'ya'ya mata biyu. Gida duka ya dawo kan Rahila, ilmin nan da aka sayar da tangaran dominsa shi ya riƙe su.

Aikin da ta fara samu a Hukumar Kifi ta gwamnati shi ne rubuta jawabin rediyo a kan rayuwar kifaye, guda 52, kowane na minti 7. Waɗanda suka san kifi ba su iya zance mai daɗi ba, waɗanda suka iya zance ba su san kifi ba, ita kuwa ta haɗa biyun. A 1936 ta ɗauki jarrabawar shiga aikin gwamnati ta zo ta ɗaya, ta zama mace ta biyu da hukumar ta taɓa ɗauka a irin wannan matsayi. Da rana tana ofis, da dare in gida ya yi barci ta ɗauki alƙalami. Littafinta na fari ya fito a ƙarshen 1941, ba a daɗe ba Japan ta kai wa Amurka hari, hankalin mutane ya koma kan yaƙi, littafi ya yi kwantai. Ba ta karaya ba. A 1949 ta zama shugabar masu tsara littattafan hukumar, a shekarar kuma ta bi jirgin bincike cikin teku, ta kuma sa hular ƙarfe ta masu nutso ta sauka ƙarƙashin ruwa a Filorida don ta gani da idonta.

A 1951 ta fitar da littafin da ake kira The Sea Around Us, watau tekun da ke kewaye da mu. Mako 86 yana cikin jerin littattafan da aka fi saye, aka kuma juya shi cikin harsuna fiye da 20. Sai a sa'an nan ta huta da talauci, ta bar aikin gwamnati a 1952 ta zauna ga rubutu.

To, mene ne masu wannan sana'a suka gano? Ku saurara, don nan ne gishirin labarin yake. Teku ya rufe kashi 7 cikin 10 na fuskar duniya. A saman ruwansa, iyakar inda hasken rana ke kaiwa, akwai waɗansu tsire-tsire ƙanana da ido ba ya gani sai da madubi, suna yawo da igiyar ruwa. Su ne gonar teku, kuma kusan rabin iskar da muke shaƙa mu rayu daga gare su take. Waɗansu 'yan ƙwarin ruwa suna cin tsiron nan, ƙananan kifaye su ci ƙwarin, manyan kifaye su ci ƙanana, tsuntsu da mutum su ci manyan. Kamar igiya ce, kowane ƙulli yana riƙe da na gabansa. Abin da ya shiga cikin na ƙasa, lalle wata rana ya iso cikin na sama.

Sanin igiyar nan shi ya kai Rahila ga babban aikinta. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka shiga fesa maganin ƙwari mai suna DDT da danginsa a gonaki da dazuka da fadamu, har da jirgin sama. A 1958 wata ƙawarta ta rubuto mata cewa an yi feshin sauro a unguwarsu, tsuntsaye sun zube matattu. Ruwa ba ya tsami banza, sai Rahila ta shiga bin diddigi, shekara 4 tana tattara shaida wurin likitoci da masana.

Ga misali ɗaya cikin abin da ta bayyana. A wani tafki a jihar Kalifoniya an zuba wani magani ɗan'uwan DDT don kashe ƙwari, kaɗan ƙwarai, bai wuce kashi 1 cikin miliyan 50 na ruwan ba. Bayan an maimaita, sai tsuntsayen ruwa masu cin kifi suka yi ta mutuwa. Da aka auna kitsensu, aka tarar dafin ya ninka na cikin ruwan sau 80,000. Dalili kuwa, irin wannan magani ba ya ruɓewa da wuri, ba ya kuma fita daga jiki da sauƙi, cikin kitse yake maƙalewa. Ƙwaro ya ɗauki kaɗan, kifi ya ci ƙwari dubu ya tara nasu, tsuntsu ya ci kifi ɗari ya tara duka.

Ku tuna kuma da halin da take ciki sa'ad da take wannan aiki. A 1957 ɗaya cikin 'ya'yan yayarta ta rasu ta bar yaro mai shekara 5, Rahila, wadda ba ta yi aure ba, ta ɗauke shi riƙo. Uwarta ta rasu a 1958. A 1960 aka yi mata aikin ciwon daji a nono. Duk da haka littafin, Silent Spring, ya fito a 1962. Ma'anar sunan ita ce bazarar da ba a jin kukan tsuntsu.

Kamfanonin magani suka yi mata ca. Waɗansu suka ce ai mace ce mai firgita, ba ta san abin da take faɗa ba. Ba ta biye musu da zagi ba, shaidarta ta shimfiɗa. Shugaba Kenedi ya sa masanansa su duba, a watan Mayu 1963 rahotonsu ya gaskata yawancin maganarta. A watan Yuni ta tsaya gaban 'yan Majalisar Dattawa ta yi bayani, ciwo yana cinta. Ta rasu ran 14 ga Afrilu 1964 tana da shekara 56. A 1972 Amurka ta hana fesa DDT a gonaki.

Kada wata ta ce Rahila ta ce a bar sauro ya cinye mutane. Abin da ta nema shi ne a yi amfani da magani da awo, a inda ya kamata, don in an yawaita shi ƙwarin da suka tsira sukan haifi waɗanda ba ya kashewa. Ko yarjejeniyar da ƙasashen duniya suka ƙulla a 2001 ta hana irin waɗannan magunguna, ta bar ƙofa a yi amfani da DDT don yaƙi da zazzaɓin cizon sauro.

To uwargida, ga naki rabon. Igiyar nan ta bi ta cikin tukunyarki. Kada ki yarda a zuba maganin gona a wake ko busasshen kifi don tsoron ƙwari. Gwangwanin magani in ya ƙare kada ya zama na ɗiban ruwa ko na zuba mai, ko an wanke shi. In kuma kin ji ana watsa magani a kogi ko kududdufi don kifi ya taso, ki yi wa maigida magana ya kai wa mai unguwa, gama kifin nan 'ya'yanmu ne za su ci.

Ku kuma 'yan makaranta, kada ku ce teku ya yi muku nisa. Rahila a bakin kogin garinsu ta fara. Ku sami ɗan littafi, in kun je rafi ko tafki ku rubuta abin da kuka gani: wane tsuntsu, wane kifi, a wane wata, yana cin me. Ku kai wa malamarku ta duba. Wadda ta yi, ta aiko mana mu buga a wannan fili.

Sai mako mai zuwa.