KAR A SARE RESHEN NAN SAI BAYAN DAMINA



Shekaranjiya bayan la'asar wani maƙwabcina ya sa aka rage masa darbejiyar ƙofar gida, wai kashin tsuntsaye na ɓata masa mota. Da reshen ya faɗo sai ga sheƙar kurciya a ƙasa, ƙwai biyu a fashe. Wallahi abin ya tsaya mini a rai, shi ya sa yau na ajiye maganar magani.

Ɗan'uwa, ƙarshen bazara zuwa farkon damina lokaci ne da tsuntsaye da yawa ke yin sheƙa. Shamuwa kanta yanzu take dawowa daga kudancin Afirka, wajen watan 4 zuwa na 5, ta hau tsamiya ko kukar tsakiyar gari ta yi 'ya'ya. Iyayenmu ba sa barin yaro ya jefe ta. Alamar ruwa ce a wurinsu, kuma tana cinye fara da tsutsar da ke lalata shuka. Yau mun malale tsakar gida da siminti, mun sare inuwar da muka gada, sannan muna kukan zafi.

Abu Dawud ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Mas'ud cewa a wata tafiya sahabbai sun ɗauke 'ya'yan wata ƙaramar tsuntsuwa guda biyu, uwar ta zo tana ta kaɗa fukafukai. Manzon Allah (SAW) bai ɗauki abin wasa ba, ya tambayi wanda ya tayar mata da hankali, ya ce a mayar mata da 'ya'yanta. A Bukhari da Muslim kuma ya tabbata cewa Musulmin da ya dasa itace, duk abin da tsuntsu ya ci a jikinsa sadaka ce gare shi. To ina dalilin da za ka rushe sheƙa saboda gilashin mota? Kurciya kusan mako 2 take kwanci, wasu mako 2 'ya'yan su tashi. Wata ɗaya kacal. Ka matsar da motar mana, Alhaji.

In reshe na barazanar faɗowa kan ɗaki ko wayar wuta, wannan larura ce, a sare. Amma a leƙa tukuna.

Hajiya, ki sami kasko marar zurfi, ki zuba ruwa ki ajiye a inuwa, inda kyanwa ba za ta yi kwanto ba. Sharaɗi ɗaya, kuma a nan lafiyar iyali take: a zubar da ruwan a wanke kaskon kullum. Ruwan da ya kwana bakwai zuwa goma a zaune ya isa sauro ya ƙyanƙyashe a ciki, kin ga an nemi lada an jawo zazzaɓi. A nisanta shi da wurin shan kaji saboda murar tsuntsaye, kuma in yara sun ga mataccen tsuntsu kar su taɓa da hannu. Babba ya ɗauke da leda ya binne, ya wanke hannu da sabulu.

Sai danƙon da ke aljihun yaranku. A karɓe shi yau, a gaya musu dalili, a ba su aikin canza ruwan kaskon kowace safiya.