Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

'Yan'uwa malamai, labari ya iso wa wannan reshe cewa wasu daga cikinmu, waɗanda aka ɗora wa aikin ba ɗalibai shawara a makarantun Badarawa da Malali da Unguwar Dosa, suna shirin zama jarrabawar ICAP, wato shaidar ƙwarewa ta ƙasa da ƙasa a kan taimakon masu fama da shaye-shaye. Mun yi farin ciki da wannan. Abin da ya rage mana farin cikin shi ne yadda ake shirin. Ana tura wa juna tarin tambayoyi ta WhatsApp da sunan su ne za su fito, ana biyan kuɗi a kai, sannan an tanadi daren jajibiri domin a haddace cikin sa'o'i kaɗan abin da aka yi watanni ba a buɗe ba. Har mun ji wani yana faɗa, ko da wasa ne, cewa da ƙwaya ɗaya ta taramol zai kai asuba idonsa biyu. Mai neman shaidar raba yara da ƙwaya ke nan!

Mun san inda wannan firgici ya samo asali, ba mu kuma raina shi ba. A 2017 gwamnatin jihar nan ta yi wa malaman firamare gwaji, aka ce 21,780 ba su kai maki 75 cikin ɗari ba, aka sallame su. A 2022 aka ƙara sallamar 2,357, har da shugaban ƙungiyarmu na ƙasa, Audu Amba. Tun daga nan kalmar jarrabawa ta zama wuƙa a wuyan malamin Kaduna, kuma wanda wuƙa ke wuyansa hanyar kuɓuta kawai yake nema. Ƙungiya ta yaƙi waccan hanya, ba ta kuma sauya ra'ayi ba. Amma wannan jarrabawa daban take. Babu wanda za a kora don ya faɗi, zai iya sake zama. Wanda zai cutu idan aka ci ta da hadda shi ne yaron da ke kujerar baya, idanu jajur, yana gyangyaɗi tun ƙarfe tara na safe.

Rahoton da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya fitar a kan Nijeriya ya nuna mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da ƙwaya cikin shekara guda, kuma ɗaya cikin huɗu mace ce. A 2018 aka haramta maganin tari mai kodin. A Satumbar 2019 kuwa, a nan Rigasa, 'yan sanda suka fito da ɗaruruwan yara da manya daga wani gida, wasunsu da mari a ƙafa. Iyaye ne suka kai da yawa daga cikinsu da hannunsu, domin ba su sami ƙwararren da za su nufa ba. Giɓin da ake so wannan takarda ta cike ke nan.

Shi ya sa hadda ba ta da amfani ko a ɗakin jarrabawar. Tambayoyin na zaɓen amsa ne, kuma masu wuyar ba sunan ƙwaya suke tambaya ba. Za a zayyana maka mutum da halin da yake ciki, a ce me za ka fara yi. A nan ne malami yake faɗuwa, ba don jahilci ba, sai don sabo. Mu mun saba da nasiha da tsawa, da aikawa a kira uba, da fito da yaro gaban taron safe. Duk amsar da ta yi kama da waɗannan, a yi mata kallon tarko. Manhajar tana koyar da sauraro da tambayar da ke buɗe baki, da gane matakin da mutum yake a kai, domin wanda bai ma yarda yana da matsala ba ba a yi masa maganar wanda ya yanke shawarar dainawa. Tana koyar da cewa komawa ruwa bayan an daina ba ƙarshen magani ba ne. Tana koyar da riƙon sirri da iyakarsa, wato inda rai yake cikin haɗari. Idan kuma alamu suka nuna janyewar ƙwaya mai tsanani ko tunanin kashe kai, amsar ita ce a miƙa ga likita, irin na asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa, ba a tsaya gwada basira ba. Wanda bai narkar da wannan cikin makonni ba, dare ɗaya ba zai sauya masa ɗabi'ar shekara ashirin ba.

To, me za a yi a kwanakin da suka rage? A bar neman sabon abu. A koma kan ɗa'ar aiki da matakan tantancewa, a zauna biyu-biyu, ɗaya ya zama ɗalibi ɗaya mai ba da shawara, a yi ta musaya. Daren jajibiri a rufe littafi bayan isha'i a kwanta. Da safe a ci abin da ciki ya saba da shi, a ɗauki katin shaida, a fita da wuri, don kowa ya san halin hanyar Kawo da safe. A cikin ɗaki a raba lokaci da yawan tambayoyi tun kafin a fara. A karanta tambaya har ƙarshe, a lura da ƙananan kalmomin Turanci masu juya ma'ana, irin waɗanda ke nufin "da farko" ko "ban da". Wadda ta gagara a yi mata alama a wuce, a dawo daga baya.

Masu sayar da tambayoyi kuwa, idan a cikinmu suke, su sani ƙungiya ba za ta tsaya musu ba ranar da asiri ya tonu. Wanda aka tura wa irin wannan saƙo ya kawo shi ofishin reshe, ba za mu tambaye shi ko ya riga ya biya ba.