Mai Hayaƙi Shi Ke Riƙe da Mudu

A kasuwar Dawanau, babu mai sayen da zai yarda ɗan kasuwa ya shige bayan labule ya auna masa gero, sannan ya fito ya ce mudu arba'in ne cif. Awo a gaban mai shi ake yi. Wannan ƙa'ida, da ko yaro ɗan aike ya san ta, Nijeriya ta yi mata riƙon sakainar kashi a harkar da ta fi kowace kawo mata kuɗin waje. Yawan iskar gas da ake ƙonawa a wuraren haƙar mai, kamfanonin da ke ƙonawar ne ke rubutawa su miƙa wa hukuma, tara kuma a kan wannan lissafi ake yanka ta. An ba kura ajiyar nama.

Ɗanyen mai yakan fito daga ƙasa tare da iskar gas. Idan ba a tanadi hanyar tattara ta ba, sai a banka mata wuta a saman dogon bututu, ta yi ta ci dare da rana. Haka mutanen Neja Delta ke rayuwa tun da aka fara fitar da mai daga Oloibiri a 1958. Dokar 1979 ta ce a daina daga farkon 1984, ba a daina ba. A 2005 Babbar Kotun Tarayya da ke Benin ta yanke hukuncin cewa ƙona gas a garin Iwherekan tauye haƙƙin rayuwa ne. Ƙa'idojin 2018 sun ɗaga tarar manyan kamfanoni zuwa dala 2 kan kowace ƙafa kubik 1,000, sannan Dokar Masana'antar Man Fetur ta 2021 ta wajabta sanya mitar awo a duk inda ake ƙona gas ko sakinta. Dokoki kam ba mu rasa ba. Abin da muka rasa shi ne idon da ba na kamfani ba, wanda zai karanta mitar ya kuma faɗa wa jama'a abin da ya gani.

Wani zai ce ai ƙiyasin injiniyoyi ya isa. To, a duba Amurka, inda hukumar kare muhalli ke da kuɗi da ƙwararru. Wani bincike da mujallar Science ta buga a 2018 ya gano cewa iskar metan da ke tsiyaya daga harkar mai da gas a ƙasar ta zarce lissafin hukuma da kusan kashi 60 cikin 100. Wani kuma a 2022 ya auna harsunan wutar daga jirgin sama, ya tarar kusan kashi 91 na metan suke cinyewa, alhali a takarda ana ɗauka kashi 98 ne, domin wasu ba sa ci sosai, wasu ma a mace suke gas na fita haka nan. Ita kuwa metan, cikin shekara 20, ta fi hayaƙin kabon ɗumama duniya sau 80 da ɗoriya. In har ƙiyasi ya yi wannan kuskure a Teksas, wace hujja muke da ita ta gaskata shi a Bayelsa?

Wani kuma zai ce ai yanzu akwai tauraron ɗan'adam. Gaskiya ne, kuma ci gaba ne: hukumar NOSDRA tana da shafin bibiyar ƙona gas da ke dogara da hotunan tauraro, haka ma Bankin Duniya, wanda ke jera Nijeriya cikin ƙasashe goma da suka fi ƙonawa. Sai dai tauraron zafin wuta yake hangowa da dare. Gas ɗin da aka saki ba tare da wuta ba ya wuce masa, gizagizan Neja Delta kuma suna tare masa gani. Uwa uba, ba zai faɗa maka abin da yarinyar da ke kwana kusa da bututun take shaƙa ba. Wannan sai na'urar da aka kafa a ƙasa, a tsayin hancin mutum.

Me ake gani idan an auna? Rahoton Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya kan ƙasar Ogoni a 2011 ya samu sinadarin benzin, mai haddasa sankarar jini, a duk samfurin iskar da aka ɗauka. Sai bayan sama da shekara 50 da fara haƙo mai a yankin aka yi bincike mai zurfin wannan. Daga ƙarshen 2016 kuma baƙin toka ya fara sauka a Fatakwal, a kan tufafi da motoci da cikin hancin yara. Aka yi ta nuna wa juna yatsa: masu tace mai ta haramtacciyar hanya, jami'an tsaron da ke ƙona kayansu, masana'antu, masu ƙona taya. Inda babu awo na dindindin, kowa na iya ɗora wa wani.

A nan ne maganar ta iso ƙofar gidanmu. A watan Nuwamba na 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin haƙo mai a Kolmani, kan iyakar Bauci da Gombe. Mun yi ta murna da lissafin kason kashi 13 na jihohi masu mai, muka manta da huhun mutanen Alkaleri. Idan ba a auna iskar ƙauyukan yankin ba kafin aiki ya kankama, ranar da tari ya yawaita za a ce hazon hunturu ne, ko hayaƙin itacen girki, ko ƙonar daji. Ba wanda zai iya ƙaryatawa, domin ba a san yadda iskar take tun asali ba. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Abin da ya kamata a nema a fili yake. A kafa na'urorin awon iska a garuruwan da ke kewaye da kowane filin mai, a fara shekara guda cur kafin soma fitar da mai, domin awon ya haɗa damina da rani. A damƙa su a hannun wanda ba ya cin albashin kamfani, kamar Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ko Jami'ar Jihar Gombe. Hukumar NUPRC ta riƙa wallafa abin da kowace mita ta nuna, wuri-wuri, wata-wata, a gefen ƙiyasin tauraro, duk inda suka saɓa kuma kamfani ya yi bayani. Kuɗin aikin ya fito daga tarar ƙona gas, tunda don ɓarnar ake karɓarta.

Masu cewa da tsada su faɗa mana kuɗin haƙa rijiyar mai guda ɗaya, sannan mu kwatanta. Likitoci da lauyoyi da malaman jami'a na Bauci da Gombe su ne ke da bakin tambaya yanzu, tun mudun bai shige bayan labule ba.