Kalmar Mako: "Risk", Kalmar da Ta Ci Mini Huhun Goro Biyu

Kalmarmu ta yau sai da na biya kuɗi kafin na san ta.

Wata shekara na ɗora huhun goro goma a babbar mota daga Kumasi zuwa Kano. Aka miƙo mini takardar kaya, na sa hannu ban karanta ba. Da mota ta iso, huhu takwas aka sauke. Na je neman diyya, sai akawun tasha ya ɗora yatsa a ƙasan takardar, inda aka rubuta "at owner's risk". Ya ce, "Alhaji, ai ka riga ka yarda." Ma'anarsa ita ce, duk abin da ya sami kaya a hanya, asarar mai kaya ce.

Yawancinmu muna haɗa "risk" da "danger", alhali ba ɗaya ba ne. "Danger" haɗari ne da ke gabanka, kamar wanda ake rubutawa a jikin taransifoma: ka matsa. "Risk" kuwa kasada ce, abin da kan iya faruwa ko ya ƙi faruwa, sai ka auna kafin ka shiga. 'Yan'uwanmu na Nijar, Chadi da Kamaru, ku kula: a Faransanci "risque" ake rubutawa.

Wasu masana suna ganin asalinta daga Larabci ne, "rizq", tushen kalmarmu arziki. Ko ba komai, kasuwa ba ta rabuwa da kasada. Amma in ka ga kalmar nan a takarda, dakata, ka tambaya: in kaya ya salwanta, wa zai biya?

Allah ya tsare mana dukiyarmu.