KIFIN ƘORAMA ABINCIN TALAKA NE, A DAINA ZUBA MASA GUBA

Jama'a, yau maganarmu a kan ƙananan kifayen nan take, waɗanda yara da masunta ke kamawa a ƙoramu da kududdufai da kwazazzabai na ƙasar Mada da Tsafe da Bunguɗu da kewayen Gusau. Mai kuɗi ya yi dariya ya ce mene ne abin rubutu a kan 'ya'yan tarwaɗa. Mu kuwa mun san tukunyar talaka. Tun da ɓarayin shanu suka kwashe dabbobin ƙauye nama ya gagari yawancin magidanta, sai ya zamana ɗan busasshen kifin da uwargida ke dakawa ta zuba a miyar kuka shi ne naman gidan. Kuma shi ƙaramin kifi da kansa da ƙayarsa ake cinye shi, wannan kuwa yana ƙara wa yara ƙarfin ƙashi.

To, bari mu tuna yadda kifin nan ke samuwa. In damina ta kama, gulbin Sakkwato da ya bi ta Gusau da Bunguɗu ya cika ya yi ambaliya, sai tarwaɗa da karfasa su bi sabon ruwa su shiga fadamu da ƙoramu su zuba ƙwai. 'Ya'yan su girma a ruwa marar zurfi, inda manyan kifaye ba su iya cim musu. In kaka ta yi ruwa ya ja baya, waɗansu su koma gulbi, waɗansu su maƙale a kududdufai, ita kuwa gaiwa ta nutse cikin laka ta kwanta har wata damina. Watau ƙoramar da ake rainawa ita ce ɗakin haihuwar gulbi. In an kashe abin da ke cikinta bana, baɗi masunta za su jefa taru su jawo ciyawa.

Abin da ke kashe ta kuwa ba ɓoyayye ba ne. Waɗansu marasa tsoron Allah su kan sayi maganin ƙwari na gona, su je da asuba su tuttula a kududdufi, kafin hantsi kome ya taso ya yi fari a kan ruwa, babba da ƙarami, har kwaɗi. Su kwashe su ƙyafe su kawo kasuwa. Ruwan nan kuwa shi awaki da shanu ke sha, a cikinsa yara ke wanka. Da can masu wannan hali da ganyen magimfa su kan yi, sa'an nan aka koma ga Gammalin 20, wanda gubar da ke cikinsa ƙasashen duniya suka haɗu suka hana amfani da ita a gona a 2009. Ga kuma masu mai da gidan sauro taru. An raba shi don a tsare yara daga zazzaɓi, su kuwa sun kai shi rafi suna tace ruwa da shi, ba su barin ko ɗan kifin da bai kai tsawon farce ba.

Kada wani ya ce babu doka. Akwai dokar kamun kifi ta ruwayen cikin ƙasa, mai lamba 108 ta 1992, wadda ta hana su da guba ko nakiya ko lantarki, ta kuma aza tara ko ɗauri a kan wanda ya yi. Amma fa doka a cikin akwatin ofis ba ta tsare kududdufi. Muna tambayar Gwamnatin Jihar Zamfara da ƙananan hukumomin Gusau da Tsafe da Bunguɗu, su gaya wa jama'a mutum nawa aka kai gaban alƙali a kan wannan laifi. Mai karɓar kuɗin kasuwa ba ya makara ranar kasuwa, ko tire ɗaya na kifi ba ya wuce shi. Ina wanda zai duba ko kifin da aka karɓi kuɗi a kansa zai ciwu?

Muna yin wannan tambaya da ƙarfi ne don talakan ƙasar nan ya riga ya yi hasarar babban ruwa. Da aka gama madatsar Bakolori a 1978 ambaliyar da ke cika fadamun da ke ƙasa da ita ta ragu, kamun masuntan can ya faɗi, kuma manoman da suka nemi haƙƙin gonakinsu aka buɗe musu wuta a 1980. Kuma mutanen Zamfara sun san abin da guba ke yi, gama a 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙasar Anka da Bukkuyum. Bai kamata mu zauna muna kallo ana kai wata gubar cikin miyar 'ya'yanmu ba.

Maganin abin kuwa kakanninmu sun san shi. Gari mai ruwa ya kan yi Sarkin Ruwa, shi ke rufe tafki, shi ke sa ranar su, kowa ya fito da homarsa da gorarsa a kama tare a raba. A Argungu har yanzu haka ake tsare Matan Fada, ba a taɓa wurin sai ranar biki, shi ya sa bikin da aka fara tun 1934 bai rasa kifi ba. Muna kira ga hakimai da dagatai su mayar wa Sarakunan Ruwa ƙarfinsu, a hana tace ƙoramu tun daga farkon damina har ƙwai ya ƙyanƙyashe 'ya'ya su tasa. Amma kada wannan ya zama hanyar ƙwace fatsar yaron da ke nema wa uwarsa abin miya, a bar mai jarkar guba don yana da uban gida. Wanda ya zuba, da wanda ya sayar masa yana sane, su za a kama.

Ku kuma 'yan'uwa 'yan kasuwa, rabin aikin a hannunku yake. In aka kawo muku kwando kuka ga kifi iri iri, manya da 'yan mitsi-mitsi a gauraye, yana warin magani, ko kuwa ya yi saurin lalacewa, kada arha ta ruɗe ku. Ku mayar masa da kayansa, ku shaida wa Sarkin Kasuwa. Kada kuma ku fesa wa busasshen kifi maganin ƙwari don gudun tsutsa. Ku ƙara masa hayaƙi, ku shanya shi a rana. Mai zuba guba ba don ya ci yake yi ba, don ya sayar ne, ranar da ya rasa mai saye kuwa ranar zai bari.

Hausawa sun ce kifi na ganinka mai jar koma. To, talakawa ma suna gani. Allah ya tsare mana ruwanmu da 'ya'yanmu, amin.