SHARHI: Mota Mai Batir Ma Sai Da Fetur

Tun ran 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya janye tallafin man fetur, litar da ba ta kai N200 ba ta haura N1,000 a 2024. Wannan ya sa direbobi suka waiwayi motocin nan masu haɗa inji da batir, irin su Toyota Prius wadda ta fara fita a Japan a 1997.

To, amma akwai gyara. Waɗansu na zaton in mai ya ƙare, batir zai kai su gida. Ba haka ba ne. Injin da birki su ne ke cika babban batirin, kuma shi kaɗai ba ya wuce kilomita ɗaya ko biyu.

Babbar matsalar ita ce, wannan batir ɗin shi ke tayar da injin. In direba ya matsa masa har ya zuƙe sarai, ko an cika tanki motar ba za ta tashi ba, kuma turi ba ya tayar da ita. Sai an nemo na'urar caji ta musamman, wadda ba kowane makanike ke da ita ba. Garin neman gira, an rasa ido ke nan.

Saboda haka jama'a, in fitilar mai ta kama, a nufi gidan mai. In kuwa ya ƙare, a gangara gefen hanya a kashe mota, a ɗauki galan.